Ƙyallen da na ɗaura wa ɗiyata a idon hagu

Assalamu alaikum masu wannan mujalla da masu karanta ta. Da hannuna nake wannan rubutu, ban sa kowa ya rubuta mini ba, don haka in kun ga magana ta karkace ku yi haƙuri, sai da na haura hamsin na kama alƙalami. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba. Wanda ya san kasuwar Gure a shekarun baya yana iya gane ni. In ya gane, ya rufa mini asiri ko ya tona, duk ɗaya ne, tunda ni da kaina na kawo kaina.

A lokacin da abin nan ya faru, ni mai kayan lambu ce a kasuwa. Maigidana yana da garka a kwari, can tsakanin tuddan rairayi inda ruwa ba ya da nisa, yana noma rogo da rake da albasa da tumatir, ga ƴan itatuwan dabino da ya gada. Shi ya noma, ni in sayar. Mutum ne mai sanyi, ni kuwa wuta ce. Ba a taya kayana da wasa, ba a taka mini tabarma a wuce lafiya. Ban san bihim ba a karatun boko, amma in ana gardama a layinmu ni ce alƙali, ni ce kuma mai ƙara. Babban aibina shi ne ba mutane suna. Duk wanda Allah ya yi wa wata tawaya a jiki, sai na samo masa kirarin da zai bi shi har gida, mata su yi ta shewa, ni kuwa ina jin kaina ya yi girma.

Akwai wani ma'aunin hatsi da rumfarsa ke kallon tawa, bawan Allah, harara-garke ne, idonsa ɗaya ya karkace. Shi na fi sa wa ido. Kullum sai na ɗaga murya na ce masa ido ɗaya yana kan tiya, ɗaya yana kan matan mutane, ya faɗa mana da wanne yake awo. Ba ya tanka mini, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da share bakin tiyarsa. Ina da ciki na huɗu a lokacin. Wata tsohuwa ƴar ƙabilar Manga mai sayar da kanwa kusa da ni ta ja ni gefe ta ce in kama bakina, mai ciki ba ta yi wa halittar Allah dariya, abin yana dawowa gida. Na ce mata in da Allah yana biye wa bakin tsofaffi da tuni an naɗe ƙasa, ta ji da kanwarta.

Na haihu, Allah ya ba ni ɗiya mace bayan maza uku. Murnar da na yi ba ta faɗuwa. Tana shiga shekara ta biyu na fara lura idonta na hagu yana zamewa wajen hanci, musamman in ta gaji ko ta ƙura wa abu ido. Na ce wa kaina yarinta ce, zai daidaita. Bai daidaita ba, sai ma ƙara shigewa da ya yi. Kasuwa kuwa ba ta mantuwa. Ba wadda ta isa ta faɗa mini a fuska, amma ina gani in na sauke ta daga goyo sai mata su kalle ta, su kalli rumfar ma'auni, su kalli juna. Tsohuwar nan mai kanwa ba ta taɓa ce mini ai na faɗa miki ba. Shi ma'aunin, in yarinyar ta rarrafa ta je wurinsa, sai ya ɗauke ta ya ba ta dabino ya ce Allah ya raya. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ba abin da ban yi ba. Na sa mata tozali har fuskarta ta yi baƙi. Na karɓo rubutu na wanke mata ido da shi. Wata ta ce in ɗaura mata farin wuri a kitson gefen hagu, wai idon zai riƙa bin sa da kallo har ya dawo waje. Na ɗaura, wurin ya yi ta lilo wata da watanni, ido yana nan inda yake.

Tana da shekara huɗu aka yi shela cewa masu duban ido sun zo daga Damagaram za su yi kwanaki a gidan likita. Na goya ta na je, ba don na yarda da su ba, don dai kada a ce ban kai ta ba. Lokotoron da ya duba ta yaro ne, ko gemu bai gama fito masa ba. Ya haska mata fitila, ya ɗiga mata magani, ya rufe wannan ido ya buɗe wancan, yana nuna mata hoton kaza da na raƙumi. In ya rufe na hagu sai ta faɗi sunansu tana dariya. In ya rufe na dama sai ta kama fizge kai tana ture masa hannu. Da ya gama sai ya zaunar da ni ya yi mini bayani da Hausar da ko jaririn goye zai gane, kuma ina so mai karatu ya riƙe wannan, don nan gaba zan so in ɓoye a bayan rashin karatu. Ya ce idon hagu ba ciwo ne da shi ba, ƙyuya ya koya. Ya ce in ɗauka ina da yara biyu a gida, ɗaya mai zafin nama, ɗaya mai nawa, kullum in aika mai zafin naman, to yaushe ɗayan zai san hanyar kasuwa? Haka kan yaro yake yi, in ido ɗaya ya karkace sai ya daina aikensa, ya dogara da mai kyau, a hankali wancan ya manta gani. Maganin shi ne a rufe mai kyau, na dama, daga safe zuwa azahar kullum, don a tilasta wa na hagu aiki. Ya ce za ta yi kuka, za ta yi tuntuɓe, in daure. Ya ce bayan wata uku in kai ta Damagaram a sake dubawa, wataƙila a ba ta tabarau, maganar miƙe idon kuma sai daga baya. Ya ƙara da cewa abin yana da lokaci, in yaro ya wuce shekara bakwai ko takwas ba a yi ba, da wuya a ci nasara.

Na ce masa ɗana, kai dai ka yi karatu amma da sauranka. Wa ya taɓa jin mutum ya ji ciwo a ƙafar hagu ya ɗaure ta dama? Ya yi dariya ya ce Inna, ai shi ya sa ya ce mini ba ciwo ba ne. Ya sake maimaita mini daga farko, bai gaji ba. Na karkace baki na tambaye shi, kamar maganar wata nake yi, ko gaskiya ne in mai ciki ta yi wa wani dariya abin yana fitowa a jikin ɗanta. Ya ce babu wannan a abin da ya sani, ana samun haka a gidan masu baki da gidan marasa baki, wani lokaci ma gado ne. Da hannunsa ya manna mata pansama ta farko, wato filastar rufe ido, a idon dama. Ya nuna mini yadda zan ɗinka baƙin ƙyalle mai igiya in waɗanda ya ba ni sun ƙare. Sannan ya buɗe karnenta na likita, ɗan littafin da ake rubuta mata magani, ya yi rubutu a shafin baya, ya zana fuska ya cike ido ɗaya da biro, ya ce da Hausa ya rubuta, in na manta in ba wani ya karanta mini.

Kwana shida na yi ina bin maganarsa. Kwana shida na azaba. Da na rufe idon dama sai yarinyar ta zama kamar makauniya, ta miƙa hannu tana lalube, ta yi karo da randa, ta taka wuta saura kaɗan, ta yi ta kiran Inna, Inna, alhali ina gabanta. Ta cire, in mayar, ta cire, in make mata hannu. A kasuwa kuwa abin ya fi muni. An rufe ido mai kyau, an bar karkataccen shi kaɗai a fili yana kallon hanci, duk wanda ya zo sayen albasa da shi zai fara gaisawa. Wata mai bakin tsiya irin nawa ta ce ikon Allah, an kulle amarya a ɗaki an bar mai harara tana karɓar baƙi. Aka kwashe da dariya. Ranar na ɗanɗani abin da na daɗe ina ɗura wa mutane.

A rana ta bakwai ta faɗi a tsakar gida ta bugi bakin turmi, goshinta ya fashe. Na wanke jinin, na rarrashe ta, sannan na ɗauki ƙyallen da na ɗinka, maimakon in mayar da shi dama sai na ɗaura shi a hagu. Nan take kuka ya tsaya. Ta dube ni da kyakkyawan idonta ta yi dariya, ta ruga wajen ƴan uwanta. Da muka je kasuwa ba mai ganin karkataccen ido, sai baƙin ƙyalle da yarinya kyakkyawa. Mutane suka koma cewa Allah ya ƙara sauƙi, kamar ciwon ido ne na kowa da kowa. Shekaru na yi ina ce wa kaina don jinin goshinta na yi. Yau da nake rubutu da hannuna ba zan yi wa takarda ƙarya ba. Jinin hujja ce na samu. Kunyata na rufe da ƙyallen nan, ba idonta ba. Kullum na kalli idon sai in ga ma'aunin hatsi, sai in ji muryata tana yi masa kirari, to shi ne na rufe.

Maigidana ya dawo daga garka da yamma ya tarar ban ma cire mata ba. Ya tsaya ya dube ta, ya ce shi kam a saninsa idon dama aka ce. Na taso masa kamar zan cinye shi. Na ce yaron da ko gemu bai yi ba shi zai koya mini renon ɗa, ni da na haifi huɗu? Na ce in shi ma ya iya maganin ido to ya bar rogo ya je ya buɗe gidan likita. Ya ce Allah ya ba ki haƙuri, ya ɗauki butarsa ya tafi masallaci. Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah, ni kuma ban taɓa ce masa yana da gaskiya ba. Wannan ma wani nauyi ne da nake ɗauke da shi.

Ga abin da ya fi komai tona mini asiri. Majon gidan likitanmu, wato babban ma'aikacin jinya, yana nan ranar da aka duba ta, kuma wurina yake sayen albasa. Duk ranar da na hango shi ya shigo layinmu, sai in janyo yarinyar bayan buhu in mayar da ƙyallen idon dama da sauri. Ya zo ya shafa kanta ya ce madalla Inna, ki daure, ya tambaye ni yaushe za mu Damagaram, in ce bayan an cire rogo. Yana ba da baya in mayar hagu. Ku gaya mini, wadda ba ta san tana yin ba daidai ba, me zai sa ta ɓoye? Damagaram kuwa ban je ba. Yau in ce damina, gobe in ce azumi, jibi in ce ba mai tsare mini rumfa. Tsoro nake yaron nan ya duba ya gane. Shekara biyu cur ina ɗaura mata ƙyallen a hagu, ban taɓa fashi ba, har da yi masa ado da jan zare a baki. Da za a sa ta lakwal, makarantar boko, na cire na jefar, na bi gari ina cewa maganin lokotoro ƙarya ne, ga shi mun yi shekara biyu ido bai miƙe ba.

Ta girma yarinya mai kai, mushe malaminsu yana yabonta. Sai dai in za ta zuba mai a kwalba sai ta zuba a gefe, in za ta sa zare a allura sai ta yi ta kuskure, in mutum ya taho ta hagunta sai ya taɓa ta take firgita. Ni kuwa in bi ta da faɗa, in ce mata sakarya, hannunta kamar na kuturu. Ni na yi ɓarnar, ni ce kuma mai zagi.

Tana da shekara goma sha biyar ta je kwari taya ubanta tattara dabino, wani reshe ya fizgo, ƙayarsa ta karce ta a idon dama. A gidan likita aka wanke aka rufe idon da pansama, aka ce mu wuce Damagaram kada mu yi wasa. Muna fitowa ta tsaya cak a bakin ƙofa ta kama mini zane. Na ce ta taho mana, ba ga ɗayan idon nan a buɗe ba? Ta ce Inna, ba ta ganin komai da shi sai hazo, ni kaina inuwa take gani, fuskata ba ta fita. Na ɗaga mata hannu na ce yatsu nawa ne, ta ce in matso. Na matso, ta ce in ƙara matsowa. Budurwa da ita, na ja ta da hannu har tasha kamar mai jan makaho, na sa mata lomar tuwo a hannu don ba ta ganin kwano.

A Damagaram wani lokotoro dattijo ne ya duba ta. Ya ce na dama zai warke da yardar Allah, ƙayar ba ta shiga can ciki ba, amma saura ƙiris. Ya juya kan na hagu, ya nuna mata allon gwaji, ko babban baƙin da ke can sama ba ta gani ba. Ya karɓi tsohon karnenta da na taho da shi, ya buɗe shafin baya ya karanta, ya ɗago ya tambaya ko ba a yi rufe idon da aka rubuta a nan ba. Kafin in buɗe baki ɗiyata ta riga ni. Ta ce an yi, ai Innarta ba ta wasa da magani, shekara biyu kullum sai ta ɗaura mata, ko sallah ba ta fashi. Da alfahari ta faɗa, tana kare ni. Ya ce wane ido? Ta ɗaga yatsa ta nuna na hagu.

Dattijon nan bai yi mini faɗa ba. Ya cire tabaransa ya ajiye, sannan ya ce wa yarinyar a hankali na dama ya kamata a rufe. Ya ce idon hagu lafiyarsa lau in an duba cikinsa, amma bai koyi gani ba a lokacin koyo, kuma rufe shi da aka yi ya ƙara dulmuyar da shi. Ya ce ana iya yi mata aiki a miƙe shi don kyan fuska, amma gani kam kada mu sa rai. Ya ce ta riƙe na dama kamar ƙwai, shi ke gare ta. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a kasuwar Gure ba, na karɓi karnen na ja ta muka fito.

A mota muna dawowa muka wuce Mirya. Wajen Gidimuni ta juyo da fuskarta, ido ɗaya a rufe da pansama, ɗayan yana kallon hanci, ta ce Inna, kin sani? Na ce wallahi ban sani ba, ke ma kin san ban iya karatu ba, rubutu ya yi mini a takarda. Har da rantsuwa. Ta ce to, ta jingina kanta da kafaɗata. Da na isa gida na ba da labarin haka, kowa ya ce ayya, jahilci mugun ciwo, ba laifinki ba ne. Na karɓi wannan ayya na yafa kamar mayafi, na yi shekaru a cikinta.

Bayan rasuwar maigidana aka buɗe karatun manya a unguwarmu, na shiga. Mata suna mamaki, wai me tsohuwa za ta yi da alli da kaye, littafin rubutun ƴan makaranta. Ni na san abin da ya kai ni. Tunda na ce rashin karatu ne ya cuce ni, sai na ji ina son in ga da idona abin da takardar nan ta ƙunsa, ko Allah zai sa in tarar da wata kalma mai wuya da zan rataya laifina a kanta. Shekara biyu ina fama da baƙaƙe, madam mai koya mana tana haƙuri da ni, ina yi mata gardama tana dariya. Ranar da na ji zan iya, na buɗe adaka na ciro karnen, na zauna a inuwa na bi shi baƙi bayan baƙi. A rufe idon dama kullum, safe zuwa azahar. Kada a rufe na hagu. Za ta yi kuka, a daure. A dawo bayan wata uku. Shi ke nan. Ba kalma ɗaya a ciki da bai faɗa mini da bakinsa ba, har sau biyu. Ga zanen fuskar nan a ƙasa, wanda ko akuya aka nuna wa za ta gane. Na rufe karnen na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da gawar maigidana.

Duk da haka ban faɗa mata ba. Ta yi aure, ta haifi ɗa namiji, angona, wanda ba ya cin tuwo sai a kwanona. Bara yana cika shekara uku na ga idonsa na hagu ya fara zamewa wajen hanci. Wannan karon ban jira shela ba, ni na tayar da su, muka kai shi Damagaram. Aka duba, aka ba shi ɗan tabarau, aka ce a riƙa rufe na dama na wasu awoyi kullum. Magana ɗaya, kamar jiya aka yi mini ita. Muna dawowa gida ɗiyata ta manna masa, ya fasa ihu, ya yi karo da ƙofa, ya kama kiran uwarsa tana gabansa. Na ga hannunta ya nufi fuskarsa za ta cire. Na riƙe hannun. Na ce ta zauna, ina da magana.

Na faɗa mata duka. Ma'aunin hatsi, da dariyar kasuwa, da maganar ubanta, da majo, da rantsuwar ƙaryar da na yi mata a mota. Na ce ba jahilci ba ne, an gaya mini na ji, girman kai ne da kunyar mutane. Ina jiran ta zage ni, don da ni ce da na zaga. Sai ta ce Inna, ai ta sani. Ta ce tana tuna bayan buhun albasa, tana tuna yadda nake juya ƙyallen in majo ya taho, duniya ta yi mata duhu har ya wuce. Tana ƙarama ta ɗauka wasa ne. Ranar da dattijon lokotoro ya yi bayani ta gane ko mene ne, shi ya sa ta tambaye ni a mota, kuma tun ranar take jira in faɗa da bakina. Na ce ta yafe mini. Ta ce ta yafe tuntuni, amma ba za ta ɓoye mini ba, duk ranar da ƙura ta faɗa mata a idon dama sai gabanta ya faɗi, kuma a wannan lokacin ba ta iya tuna ni da alheri. Na ce ta yi gaskiya. Sai ta ɗauki kwalin pansamar ta ajiye mini a cinya, ta ce ni zan riƙa manna masa, ita ba za ta iya jure kukansa ba, ni kuwa kowa ya san zuciyata dutse ce, to yau ga ranarta.

Wata bakwai ke nan ina yi. Kullum da safe sai mun yi dambe da angona. Ya ce ya sake ni saki uku, ya fasa auren, zai je ya auri mai ƙosai. In ce ya saka, amma ido sai an rufe. Ya yi kuka, in zaunar da shi in zuba masa wake da tsakuwa ya tsince, in ba shi kayena ya yi zane, don idon ya yi aiki. Ya faɗi ya fasa leɓe sau ɗaya, na wanke jinin na mayar da pansamar inda take. Mun koma Damagaram sau biyu, sun ce ana samun ci gaba, yanzu yana gane hotunan da da ba ya gani. Ban san inda abin zai tsaya ba, Allah ne masani. A unguwa wata ta ce an rufe mai kyau an bar mai harara. Ban zage ta ba, na ce ta zauna in yi mata bayanin yara biyu da aike.

Abin da zan ce wa iyaye, musamman mata masu kai irin nawa, shi ne in kun ga idon yaro ya karkace, ko yana matse ido, ko yana karkata kai in zai kalli abu, ko yana manna fuska a kaye, ko kun ga fari a tsakiyar baƙin idonsa, kada ku ce zai daidaita, kada ku tsaya ɗaura wuri. Ku kai shi wurin masu duban ido tun yana ƙarami, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro ba zai ce muku ba ya gani da ido ɗaya ba, don bai san yadda kowa yake gani ba. In an ba ku umarnin da ya saɓa wa hankalinku, ku tambaya, ku sake tambaya, ku yi gardama a gaban lokotoro in kuna so, amma kada ku koma gida ku gyara masa aiki a ɓoye. Kuma kada ku bar dariyar mutane ta zaɓar wa ɗanku magani. Waɗanda suka yi mini dariya a kasuwa rabinsu sun mutu, sauran sun manta. Ɗiyata ce take yawo da ido ɗaya. Ma'aunin hatsin ma ya rasu ban roƙe shi gafara ba, in akwai nasa da zai karanta wannan, ya yafe mini a madadinsa.

Na iya karatu yanzu, na san dama, na san hagu, karnen jikana ni nake karanta shi. Amma kowace safiya, kafin in manna pansamar, sai na ɗora yatsa a kan idon na kira ɗiyata na ce, wannan ne? Ta leƙo daga madafa, ta juyo da gefen fuskarta mai gani, ta duba da kyau ta ce shi ne, Inna. Sannan in manna.